Hawan Dutse A Ƙasar Bagudo Da Hatsarin Da Ke Jira A Hanyar Komawa

Wata ɗabi'a ta shigo cikin matasanmu masu karatu a 'yan shekarun nan, kuma ba ni cikin masu kushe ta. Idan aka samu hutu, musamman kwana na biyu ko na uku bayan Sallah, sai abokai su yi karo-karon kuɗin mai, su ari motar gida, su nufi wani dutse ko tsauni da ke bayan gari. Su hau, su ci abin da suka ƙunsa, su ɗauki hotuna, su sauko. Ɗaliban Zariya sun daɗe suna yi wa Kufena haka, na Kano suna da Dala da Goron Dutse, mutanen Zamfara kuwa Kwatarkwashi tasu ce tun kaka da kakanni. Yanzu abin ya iso har kusurwar kudu maso yammacin Kebbi, wato ƙasar Bagudo, inda Najeriya ke ƙarewa Jamhuriyar Benin ta fara.

Wanda bai san yankin ba zai ɗauka fadama ce kawai da shinkafa da masunta, domin Kogin Kwara ya ratsa ta tsakiyarsa. Amma da zarar an haye gadar Tuga aka nufi Ka'oje, ko aka karkata wajen Illo da Lolo da Tsamiya, ƙasa sai ta fara tashi, a riƙa cin karo da tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai. Masana ilimin duwatsu ma sun ari sunan Illo sun laƙaba wa wani tsohon shimfiɗin dutsen yashi da tsakuwa da yumɓu da ke wannan yanki. Irin waɗannan tuddai galibi marmara ce ta rufe kansu, kuma marmara ba ta da amana irin ta falalen dutsen Kufena. Tana iya ɓantarewa a hannun mutum, tsakuwarta kuma tana zamewa a ƙarƙashin takalmi. Saboda haka iyayen da ke fargaba idan yaro ya ce za shi hawan dutse suna da hujjarsu. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi dazuzzukan bakin iyaka ta ɓangarorin biyu, wadda ta isa ta sa mai hankali ya tambayi mutanen gari kafin ya shiga kowane daji.

Sai dai fargabar tamu tana tsayawa ne a gindin dutse. Da zarar an buga waya an ce "mun sauko lafiya", uwa ta yi hamdala ta koma kan tukunyarta. A ganina daga wannan lokacin ne ya kamata zuciya ta fara bugawa.

A tarihin masu hawan dutse na duniya akwai wani Bajamushe mai suna Wolfgang Güllich, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin zamaninsa. A 1991 ya hau wata hanya a jikin dutse da ba a taɓa hawa mai wuyarta ba kafin nan, shi ne kuma ya tsaya a madadin jarumin fim ɗin Amurka Sylvester Stallone a wasu wuraren hawa masu hatsari. Mutumin da ya saba rataye jikinsa da yatsa ɗaya ko biyu a kan gagarumin rami, a watan Agustan 1992 gyangyaɗi ya ɗauke shi a kan sitiyari tsakanin biranen Munich da Nuremberg. Ya rasu bayan kwana biyu, yana da shekara 31. Ba sai mun je Jamus ba ma. A ranar 31 ga Mayun 2025 motar da ta ɗauko 'yan wasan Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, saura ƙiris su iso gida. Fiye da mutum 20 suka rasu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta danganta abin da gajiya da gudu bayan doguwar tafiyar dare. Matasa ne majiya ƙarfi, sun gama abin da ya kai su lafiya, hanyar komawa ce ta cinye su.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai hawan dutse duk hankalinsa yana wuri ɗaya. Yana duba inda zai sa ƙafa, yana gwada dutse kafin ya dogara da shi, abokinsa na ƙasa yana yi masa kashedi. Tsoro ne ke tsare shi. Da ya sauko, tsoron ya tafi, gajiyar da ya danne tun safe kuma ta taso gaba ɗaya. Ya tashi tun asuba, ya wuni cikin rana, ya zubar da gumi bai sha ruwan kirki ba, ya ci abinci mai nauyi. Sannan ya shiga mota, iska tana kaɗa shi, abokansa ɗaya bayan ɗaya suna yin barci. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin motsinsa suna raguwa daidai da na wanda ya sha barasa har ta kai iyakar da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da ita. Mu da muke ƙyamar direba mashayi, ba ma ganin laifin direban da ya kwana bai runtsa ba, har yabonsa muke yi da juriya. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan ido ya rufe na daƙiƙa huɗu, ta wuce tsawon filin ƙwallo babu mai tuƙa ta.

Sai kuma lokacin. Kusan duk masu irin wannan fita da almuru suke kamo hanya, domin ba wanda ke son barin dutse kafin rana ta yi sanyi. A ƙasarmu magariba ba ta jira. Tsakanin faɗuwar rana da rufewar duhu bai cika rabin awa ba, kuma a daidai wannan ɗan taƙi ne hanyar karkara ta fi cika: shanu suna komawa ruga, amalanke tana dawowa daga gona ba fitila, 'yan kabu-kabu sun yi lodin buhuna da jarkoki har ba a ganin mai tuƙin, manyan motoci sun tsaya a gefen kwalta an jera 'yan ganyaye a madadin alama. Hanyar bakin iyaka tana da ƙarin nata. Akwai masu tafiya da fitila a kashe don kada a gan su, akwai shingayen bincike da mutum ba ya ankara da su sai ya zo daf. A watan Nuwamban 2019, lokacin da iyakokin ƙasa suke a rufe, Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, abin da ya ƙara wa matafiya ɗabi'ar ajiye jarkar fetur a but. Motar da ta kife da jarkar fetur a cikinta, ba sai an faɗi sauran ba.

Ɗan wata ƙanwata yana cikin wasu samari shida da suka yi irin wannan fita bayan Babbar Sallah, cikin ƙaramar mota mai kujerar mutum biyar. Sun hau tudunsu sun sauko ba wanda ya ko ƙuje. A hanyar dawowa, bayan an idar da magariba, direban ya kauce wa wata saniya da bai gani ba sai da ya zo kanta, tayar gaba ta sauka daga kwalta, motar ta wuntsila sau biyu. Biyun da ke gaba sun ɗaura bel, suka fito da ƙafafunsu. Na baya huɗu babu wanda ya ɗaura, dama uku ne kawai ke da abin ɗaurawa. Ɗaya ya karye a cinya, ɗaya kuma motar ta cillo shi waje ya bugu a baya. Mutanen ƙauyen da ke kusa, Allah ya saka musu da alheri, sun zo a guje da tocila. Suka ɗauki wanda ya bugu, wani ya kama hannuwa wani ya kama ƙafafu, suka naɗe shi a bayan akori-kura. A asibitin farko da aka kai shi ba a samu abin ɗaukar hoton ƙashi ba, sai aka ce a wuce gaba. Ya isa inda za a iya duba shi bayan tsakar dare. Yau yana tafiya da sanda, karatunsa na shekara guda ya salwanta. Yaron namu ya faɗa mini cewa abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne likitan da ya tambaye su yadda aka ɗauko mara lafiyan, ya ji amsa, ya yi shiru.

Wannan shirun ya cancanci a tsaya a kansa. Mutanenmu ba su da rowar taimako. Duk inda mota ta faɗi, kafin minti biyar an taru. Abin da ba mu da shi shi ne sanin yadda ake taimakon. Wanda ake zaton ya bugu a wuya ko gadon baya ba a jan sa, sai dai idan wuta ko ruwa za su cim masa. Idan ya zama dole a ɗaga shi, mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, a shimfiɗa shi a kan abu mai tauri, ko ƙyauren ƙofa ne. Jini ana tsayar da shi ne ta hanyar danne wurin da tsumma mai tsabta, ba da ƙasa ko toka ba. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa. Waɗannan abubuwa ba su wuce darasin yini guda ba, kuma babu abin da zai hana a koyar da su a tashoshin mota na Bagudo da Ka'oje da Illo, da makarantun sakandare, da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu, waɗanda su ne ke fara isa wurin kowane hatsari. Da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, yadda kowa zai ji.

Akwai lambobin kiran gaggawa, 122 ta jami'an kiyaye haɗurra da 112 ta ƙasa baki ɗaya, kuma yana da kyau a adana su. Amma wanda ya san bakin iyaka ya san akwai wuraren da wayarsa za ta rasa sabis, ko ta kama na Benin. Ko an samu an yi kiran, manyan asibitocin da ke iya aikin ƙashin baya da na kai suna Birnin Kebbi da Sakkwato, tafiyar awanni. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, bisa kowane dalili. Doka ce mai kyau, sai dai ba ta rage nisan hanya. Ƙaramar hukumar da ke da iyakar ƙasa da ƙasa, manyan motoci suna ratsa ta dare da rana, ta cancanci motar ɗaukar marasa lafiya mai direba da mai a cikinta a kowane ɓangare na kogi, ba wadda ake fito da ita ranar bikin ƙaddamarwa kawai ba. Yanzu da ake gina babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon sama da kilomita 1,000, wadda za ta ratsa Kebbi, gudun motoci zai ƙaru ne, ba raguwa zai yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar hatsari mai kisa da kashi 4. Ita ce kuma ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma hatsarin mota ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Na san za a ce ƙaddara ce. Haka ne, kuma ba mai jayayya da ita. Amma wanda ya gwada dutse da ƙafarsa kafin ya taka bai ce ƙaddara ba a lokacin. Taka-tsantsan ɗin da ya yi a sama shi ake roƙo ya sauko da shi. A ware direba tun daga gida, wanda zai hau kaɗan ya huta da yawa. A sauko da la'asar sakaliya. Kujera biyar, mutum biyar. Idan dare ya yi, a kwana. Babu garin da ke ƙasar Bagudo da baƙo zai yi sallama a hana shi tabarma.

Saura batu ɗaya da masu ɗokin leƙa Benin ba su cika tunawa ba. Daga Tsamiya zuwa Segbana ba nisa, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ba tare da biza ba. Amma idan mota mai lambar Najeriya ta buge mutum ko dabba a can, shari'ar can ce za ta hau kan direba, da Faransanci, diyya kuma da sefa. Don haka ne ƙasashen yankin suka sa hannu a Kwatano a 1982 kan tsarin inshorar da ake kira Katin Ruwan Kasa, wanda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna a wata ƙasar da ba ta mai motar ba. Tun daga Janairun 2023 inshorar dole ta motar gida a Najeriya ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma an haɗa kuɗin wannan kati a ciki. Sharaɗin shi ne takardar ta fito daga kamfanin inshora mai rajista, ba irin wadda ake bugawa a gindin bishiya kusa da ofishin lasisi ba, kuma a nemi katin a riƙe shi a mota kafin a kai shingen Tsamiya.