Kaska Da Ƙuma: Yadda Za A Raba Karnuka Da Su

Da zarar bazara ta yi nisa, ruwan farko ya sauka, ƙwari sukan yi yawa a ƙauye. Manomi yakan duba shanunsa da awakinsa, ya cire musu kaska. Amma kare, wanda yake kwana yana gadin garken, sau da yawa ba mai duba shi. Sai an ga ya rame, yana ta susa, ya daina haushi da dare, sa'an nan a ce ya lalace. Alhali ƙwari ne suke shanye masa jini.

Kaska

Ba banza ba ake yi mata kirari da "kaska, raɓi mai jini". Takan maƙale a cikin kunnen kare, da wuyansa, da tsakanin yatsun ƙafarsa. Ban da shan jini, tana sa masa cutar da take lalata jinin. Alamunta su ne zazzaɓi, da ƙin cin abinci, da kasala. Dasashinsa yakan yi fari, fitsarinsa ya yi ja ko ya yi duhu. Wani karen har haɓo yake yi. Idan ba a kai shi asibitin dabbobi ba, yana iya mutuwa, musamman kwikwiyo.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Kaskar da ake gani a jikin kare kaɗan ce daga cikin waɗanda suke gidan. Idan macen kaska ta ƙoshi da jini, sai ta faɗo ƙasa, ta shige tsaguwar bango ko ƙarƙashin rumbu. A can take zuba ƙwai, har kamar 4,000. Bayan 'yan makonni ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su hau karen. Suna kuma iya yin watanni a ɓoye ba su sha jini ba. Shi ya sa mutum zai cire wa karensa kaska yau, bayan mako guda ya ga kamar bai yi komai ba. Idan zafi ya tsananta, irin wannan kaska takan ciji mutane ma.

Ƙuma da tsutsar fata

Ƙuma ma haka take. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan kuma yana zubewa ne a inda karen yake kwanciya. Idan kare ya haɗiye ƙuma wajen cizon jikinsa, takan sa masa tsutsar ciki. Akan ga gutsattsarinta a kashinsa kamar ƙwayar shinkafa. Ƙaramin yaro mai rarrafe, idan ya haɗiye ƙumar, shi ma yana iya kamuwa.

Da damina akwai wani ƙuda da yake zuba ƙwai a ƙasa mai inuwa, wadda aka yi fitsari ko kashi a kanta. Idan kare ya kwanta a wurin, tsutsar ta huda fatarsa ta shiga. Wurin yakan kumbura kamar maruru, da ɗan rami a tsakiya. A toshe ramin da man basilin. Tsutsar za ta rasa iska ta leƙo, sai a matse ta a hankali ta fito, a wanke wurin da ruwan gishiri.

Abin da za a yi

A fara da makwancin karen. A share shi kullum, a ƙone sharar. Tsohon buhu ko tsumman da yake kwanciya a kai, a wanke shi da tafasasshen ruwa, ko a ƙone shi a sake wani. A yaɓe tsagogin bangon da ke kusa. A sassabe ciyawar bayan gida. Wurin ya zama busasshe, mai inuwa, da ruwan sha a kusa.

Sa'an nan a riƙa duba jikin karen ko da sau 2 a mako, da kuma duk ranar da ya dawo daga farauta ko kiwo. Wanda ba ya son taɓa kare da hannu, ya sa leda. A kama kaskar daf da fata, da hantsaki in akwai, a ja ta a hankali har ta fito da kanta duka. Kada a murtsuke ta da yatsa, don jininta yana iya ɗauke da cuta. A jefa ta cikin gwangwani mai ɗan kananzir. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu.

Idan ƙwarin sun yi yawa, a je wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Akwai maganin wanka, kamar Amitraz, da na ɗigawa a bayan wuya. Malamin ne zai faɗi yawan ruwan da za a haɗa da ranar da za a sake. Amitraz ba na doki da jaki da kyanwa ba ne, ba a kuma yi wa ƙaramin kwikwiyo wanka da shi. A yi wankan nesa da rijiya da rafi. Tun da an je, a yi wa karen allurar rigakafin haukan kare, wadda ake yi sau ɗaya a shekara.

Hattara da fiya-fiya

Wasu sukan shafa wa kare fiya-fiya, ko maganin feshin wake, ko baƙin man mota. Wannan ganganci ne. Gubar tana ratsa fata, karen kuma yana lasar jikinsa, ga yara suna wasa kusa da shi. Karen da gubar ta kama yakan yi dalala, da rawar jiki, da amai, da zawo. A sa leda a hannu, a wanke shi nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya da shi asibitin dabbobi tare da kwalbar maganin.

Amma idan kare yana dalala alhali ba a shafa masa komai ba, halinsa kuma ya canza, kada kowa ya taɓa shi. Yana iya zama haukan kare ne. A janye yara, a kira malamin dabbobi. Wanda ya ciza kuwa, a wanke ciwon da sabulu da ruwa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar.