Amarya da Akuyarta

Sau da yawa a ƙasar Hausa akan kai yarinya ɗakin miji da 'yar akuyarta. Wata uwarta ce ta ba ta, wata kuwa da kuɗin sana'arta ta saya. Har a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda birnin Kano ya cinye gonaki tuni, in ka leƙa gidaje za ka tarar da awaki a turke, ga kuma kasuwar 'Yan Awaki ta Unguwa Uku inda mutanen ƙauye ke kawo nasu. Wani lokaci amarya da akuyarta sukan sami ciki a shekara guda. To, jama'a, kowaccensu akwai abin da take bukata, akwai kuma inda ya wajaba a raba su.

Mu fara da amarya. Yarinya mai shekara 15 zuwa 19 jikinta bai gama ginuwa ba, ga jinin al'ada yana fita kowane wata. In ciki ya zo, abinci guda ne zai ciyar da mutum biyu. Abin da ta fi bukata shi ne sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da wani bitamin da ake kira folik asid.

Wata likita Baturiyar Ingila, Lucy Wills, ita ta fara gano amfaninsa. Ta yi aiki a birnin Bombay na Indiya, wanda yanzu ake kira Mumbai, inda ƙarancin jini ke kashe matalautan mata masu ciki. A 1931 ta nuna cewa wani abin shafa wa burodi da ake yi da yis yana warkar da su. Daga baya aka gane folik asid ne a cikinsa. A 1991 kuma wani babban gwaji da likitocin Ingila suka shugabanta ya nuna cewa matan da suka taɓa haihuwar jariri mai buɗaɗɗen baya, in sun sha shi tun kafin wani cikin, haɗarin yana raguwa da kamar kashi 7 cikin 10.

Ku lura da wannan magana, "tun kafin". Lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa suna rufewa cikin kwana 28 na farko, sa'ad da yarinya ba ta ma tabbata ta yi ɓatan wata ba. In rufewar ba ta cika ba, sai a haifi yaro da ƙari a gadon baya, ƙafafu a shanye, wani kuma kansa ya yi ta kumbura da ruwa. Irin waɗannan jarirai akan kawo su daga nesa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, wanda aka kafa a 1988. Amma amaryar da kunyar cikin fari ta hana ta zuwa awo sai wata na shida, ta makara ga wannan rigakafi. Saboda haka, iyaye, yadda kuke tanadin gado da kwanoni, ku kai ta asibiti ta fara shan ƙwayar tun kafin biki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha maikurogiram 400 na folik asid da miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe kullum. Ƙwayar takan mai da bayan gida baƙi, wannan ba ciwo ba ne. Kada a kora ta da shayi, don yana hana jiki tsotse ƙarfen. Lemo ko gwaiba sun fi.

A tukunya kuwa ga wake, gyaɗa, zogale, rama da alayyafo. Sai dai ganyen da aka dafa ya yi lugub da kanwa ya rasa yawancin amfaninsa, a sauke shi da sauran korensa. Manja, kabewa, karas da mangwaro suna ba da bitamin A mai hana dundumi. Jan kafson nan na bitamin A da ake ɗiga wa yara lokacin rigakafi kuwa ya yi wa mai ciki ƙarfi, yana iya ɓata halittar ɗan tayi. Nonon akuya abinci ne mai kyau in an tafasa, amma folik asid ɗin cikinsa kaɗan ne ƙwarai.

Yanzu sai akuya. Jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi ba ta da lokacin barbara, ko yaushe cikin shekara tana ɗauka. In ba ta da ciki takan nemi bunsuru kamar kowane kwana 21, cikinta kuwa kamar kwana 150 ne, watau wata biyar. Abin da ke riƙe cikin wani ɗan ƙullutu ne mai ruwan ɗorawa da ke tsirowa a gurbin da ƙwai ya fito. Shi ke zuba wani sinadari cikin jini mai suna furojestaron, wanda ke hana mahaifa naƙuda. A tunkiya, bayan kamar kwana 50 mabiyiya takan karɓi wannan aiki. A akuya kuwa ƙullutun nan ne kaɗai har ranar haihuwa. In ya narke, cikin ya tafi.

Likitocin dabbobi suna da allura mai narkar da shi, furostagilandin. Da ita ake sa awaki su nemi bunsuru lokaci guda, don a san watan da 'ya'ya za su zo. Da ita ake zubar da cikin 'yar akuyar da bunsuru ya hau tun ba ta isa ba, ko a fitar da ruwan cikin ƙarya. Amma allurar ba ta tambaya. In an yi wa akuya mai ciki, ko na wata nawa ne, cikin kwana biyu ko uku sai ɓari. Maigida, kada ka yarda wani mai yawo da jaka ya yi wa akuyar gidanka "allurar haihuwa" bai binciki ko tana da ciki ba. Ka kai ta wurin likitan dabbobi, ka kuma faɗa masa ranar da aka yi barbara in ka sani.

Ga inda za a raba su. Ruwan allurar nan yana ratsa fatar mutum, kuma yana iya jawo wa mace ɓari. Mai ciki da mai asma kada su taɓa kwalbar, kada su riƙe akuyar sa'ad da ake yi. Har wa yau, akuyar da ta yi ɓari haka kawai tana iya ɗauke da ciwon da Fulani makiyaya ke kira bakkale, ko wani irinsa mai kama mutum ta ruwan haihuwa da ɗanyen nono. Ran da akuya za ta haihu, amarya mai ciki ta koma ɗaki, maigida ko wata dattijuwa su tsaya. A sa leda a hannu, a binne mabiyiya da matacce a rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba, a share turken a ƙone sharar, kāna a wanke hannu da sabulu. In zazzaɓi ya kama amarya bayan haka, a gaya wa ma'aikaciyar awo cewa akuya ta yi ɓari a gidan.