Iska A Cikin Jariri: Me Za Mu Yi Masa?

Duk gidan da aka taɓa yin haihuwa an san wannan kuka. An yi suna, baƙi sun watse, mai jego ta fara samun kanta, sai jariri ya ɗauko wata sabuwar al'ada. Da zarar rana ta faɗi sai ya fara tsala kuka, ya dunƙule hannu, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, yana banƙarewa. A ba shi nono ya kama ya saki, a rarrashe shi ya ƙi yin shiru. Nan da nan gida zai cika da likitoci. Wannan ta ce ciwon cibiya ne, waccan ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau, wata kuma ta ce a aika yaro kemis.

A wannan makon muna so mu duba wannan damuwa tare da ku, iyaye mata da maza da kakanni. Sau da yawa abin da ke damun jaririn iska ce da ta taru a cikinsa, kuma hannun uwa da haƙurinta sun isa su sauƙaƙa masa. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne irin abubuwan da ake ɗura wa jariri da sunan magani, domin sukan fi iskar kanta haɗari.

DAGA INA ISKAR TAKE ZUWA?

Hanya biyu ce. Ta farko, jariri yana haɗiye iska duk lokacin da yake shan nono, haka kuma lokacin da yake kuka. Cikinsa ɗan ƙarami ne ƙwarai. A ranar da aka haife shi, abin da yake sha a zama ɗaya bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba. To, idan iska ta shiga wuri ƙarami haka, sai ta tsare wa nono wuri, jariri ya ji ya cika alhali bai ƙoshi ba.

Ta biyu, hanjinsa sabo ne, yanzu yake koyon aiki. Ƙananan halittu masu amfani da ke zama a cikin hanji suna narkar da ragowar nono, suna fitar da iska. Jaririn kuma bai iya daidaita yunƙuri da sakin jiki ba tukuna, shi ya sa za a gan shi yana nishi yana murɗe-murɗe kafin ya yi tusa ko kashi. Wannan ba ciwo ba ne.

Akwai kuma jariran da kukansu ya wuce misali, ko da an yi musu komai. Likitoci suna kiran wannan kolik. A shekarar 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya ba da ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi: jariri mai lafiya, mai shan nono sosai, amma yana kuka fiye da sa'o'i 3 a rana, fiye da kwana 3 a mako, har tsawon mako 3. Irin wannan kuka yakan fara ne wajen mako na biyu, ya kai ƙarshen tsananinsa wajen mako na 6, sa'an nan ya lafa da kansa tsakanin wata 3 zuwa 4. Mai jego ta riƙe wannan a ranta: abin yana da iyaka.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Iskar da ba ta shiga ba, ba a wahalar fitar da ita. Saboda haka mu fara daga wajen ba da nono.

Kada a jira sai jariri ya yi kuka ya gaji kafin a ba shi. Idan ya fara juya kai yana buɗe baki, ko yana tsotson hannunsa, yunwa ce. Wanda ya sha kuka ya riga ya haɗiyi iska, kuma zai kama nono da gaggawa ya ƙara haɗiyar wata.

A duba yadda ya kama. Bakinsa ya buɗe sosai, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nonon, ba kan kaɗai ba. Idan uwa tana jin zafi, ko tana jin ƙara kamar ana tsaki, to kamun bai yi daidai ba. Ta sa ɗan yatsanta mai tsabta a gefen bakinsa ta cire shi, ta sake ba shi. Kansa kuma ya ɗara cikinsa tsayi.

A bar shi ya gama da nono ɗaya kafin a juya shi ɗayan. Nonon da ke zuwa daga baya ya fi maiƙo, ya fi riƙe ciki. Idan kuwa nono ya cika har yana tsartuwa yana shaƙe jaririn, uwa ta ɗan tatse kaɗan tukuna, ko ta jingina baya ta ɗora shi a ƙirjinta.

Wadda dole ta sa take ba da madara a fida, ta karkata fidar yadda madara za ta cika kan robar koyaushe. Ramin robar kada ya yi faɗi. Idan ta girgiza madarar, ta jira kumfar ta kwanta, kuma ta bi ma'aunin da aka rubuta a jikin gwangwani ba ƙari ba ragi.

YADDA AKE FITAR DA ITA

1. Gyatsa. A tsakiyar shan nono da kuma bayan ya gama, a ɗora jariri a kafaɗa, a tallafe kansa, a riƙa shafa bayansa daga ƙasa zuwa sama ko a ɗan bubbuga a hankali. Ko kuwa a zaunar da shi a cinya, a tallafe haɓarsa da ƙirjinsa da hannu ɗaya ba tare da an matse maƙogwaro ba, ya ɗan sunkuya gaba. Ko a kifa shi a kan cinya. A sa ƙyalle kusa, domin gyatsa takan zo da ɗan tumbuɗi. Idan an yi minti kaɗan bai yi ba kuma yana kwance lafiya, a ƙyale shi. Ba kowane shan nono ne ke kawo gyatsa ba.

2. A riƙe shi a tsaye kamar minti 15 zuwa 20 bayan ya sha, kafin a kwantar da shi.

3. Tuƙa keke. A kwantar da shi rigingine, a kama ƙafafunsa a riƙa juya su kamar yana tuƙa keke. Bayan haka a lanƙwasa gwiwoyinsa biyu zuwa ciki a hankali, a ɗan riƙe, a saki.

4. Tausar ciki. A ɗumama hannu, a shafa cikinsa da yatsu a kewaya yadda hannun agogo ke tafiya: daga ƙasan ɓangarensa na dama, a hau sama, a ƙetare, a sauko ta hagu. Haka babban hanji yake kwance, hanyar fita ke nan. Kada a yi da ƙarfi, kada a yi nan take bayan ya sha nono, kuma a kauce wa cibiya idan ba ta warke ba.

5. Wanka da ruwa mai ɗumi, wanda uwa ta gwada da gwiwar hannunta, yakan saki jikinsa.

6. Goyo da rungume shi. Wannan gadonmu ne, kuma masu bincike sun tabbatar da amfaninsa. A shekarar 1986 aka buga wani bincike da aka yi a Kanada, wanda ya nuna cewa jariran da aka ƙara musu lokacin ɗauka a jiki sun rage kuka da kashi 43 cikin 100 a mako na 6. Sai dai a tallafe wuyansa da kyau, kuma zane kada ya rufe masa hanci.

Abu ɗaya da za mu ja kunne a kai: kifa jariri a kan ciki na lokacin da yake farke ne, ana kallonsa. Idan barci zai yi, a kwantar da shi rigingine. Kwanciyar rub da ciki tana da alaƙa da mutuwar jarirai farat ɗaya a cikin barci.

GARIN NEMAN GIRA KADA A RASA IDO

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawara a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6. Ko ruwa ba ya bukata, ko da a zafin watan Afrilu ne, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Ruwan zafi, dauri, jiƙon sassaƙe, man shanu, duk suna iya shigar da ƙwayoyin cuta cikin hanjin da bai yi ƙwari ba, su kawo gudawa, su kuma tsare wa nono wuri. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya cika shekara 1, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jijiyoyin jariri har numfashi ya gagare shi.

Ruwan nan na kwalba da ake kira Gripe Water, wani mai haɗa magani a Ingila, William Woodward, ya ƙirƙiro shi a shekarar 1851, kuma haɗin farko har da barasa da sukari a ciki. Yau akasari an cire barasar, amma babu ƙwaƙƙwaran bincike da ya nuna yana maganin wannan kuka. Haka ma maganin ɗigawa na simetikon: da aka gwada shi a kan masu kolik, bai nuna wani fifiko ba.

Mu ma a ƙasar nan mun ɗanɗana ɗacin maganin da ba a tantance ba. A shekarar 1990 yara 47 suka rasu a Jos bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da wani sinadari mai kashe ƙoda. Tsakanin 2008 da 2009 irin wannan guba da ke cikin maganin haƙori mai suna My Pikin ta kashe yara 84, hukumar NAFDAC ta janye shi daga kasuwa. Waɗannan ba magungunan kumburin ciki ba ne, amma darasin ɗaya ne: kada a ba jariri kowace irin kwalba sai da izinin likita ko nas.

Haka nan a daina ɗaure masa ciki tamau da ƙyalle, da gasa cibiya, da kai shi a yi masa tsaga. Kuma a bar mai jego ta ci abincinta. Iskar da wake ke sa wa babba a hanjinsa take tsayawa, ba ta bi ta nono. Jarirai kaɗan ne jikinsu ba ya jituwa da madarar shanu, wannan kuma a asibiti ake tantancewa.

LOKACIN DA BA ISKA BA CE

Jaririn da iska kawai ke damunsa yana shan nono, yana jiƙa ƙunzugu kamar sau 6 a rana bayan kwanakin farko, nauyinsa yana ƙaruwa, kuma tsakanin kuka da kuka yana nan garau. Amma a garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Zazzaɓi mai kai digiri 38 ko fiye a jaririn da bai kai wata 3 ba, ko kuma jikinsa ya yi sanyi ƙalau. Amai kore ko mai jini, ko aman da ke tsartuwa da ƙarfi bayan kowane shan nono. Jini a kashi. Ciki ya kumbura ya yi tauri, yana ihu in an taɓa. Bai yi baƙin kashin farko ba har kwana 2 da haihuwa. Ya ƙi nono sam, ko ya yi laƙwas ba ya motsi. Numfashi da sauri, sau 60 ko fiye a minti ɗaya. Jijjiga. Ido da tafin hannu sun yi rawaya. Cibiya ta yi ja tana fitar da mugunya.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Kukan sa'o'i uku kowane dare yana iya karya zuciyar kowace uwa, balle 'yar fari. Idan ta ji ranta ya ɓaci, ta kwantar da jaririn rigingine a wuri mai aminci, ta fita ta sha iska na minti kaɗan. Kada kowa ya girgiza jariri da fushi, domin hakan yana iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya mutu.

Maigida, kafaɗarka ma tana sa gyatsa. Karɓe shi ka zagaya tsakar gida da shi, uwar ta samu ta runtsa. Mama da Kaka, mun san ƙauna ce ke sa ku kawo jiƙo, amma taimakon da ya fi shi ne ku goya jikanku, ku dafa wa mai jego abinci. Ku kuma matan zumunta, in kun je barka, ku zauna ku duba yadda jaririn ke kama nono, ku nuna wa ƙanwarku yadda ake tausar ciki, ku gaya mata cewa nononta lafiya lau yake, kuma nan da wata 3 ko 4 za ta yi barcinta.