Ƙoshiyar Ƙarfe ta Saƙar Leshi: Yadda Za Mu Zaɓa, Mu Yi Aiki da Ita

Akwai wata saƙar leshi ta hannu da ake kira tatin. Ba ta bukatar masaƙa ko keke, zare ne kawai da wata 'yar ƙoshiya mai tsawon kamar inci 3. Da ita ake yi wa hankici, da wuyan riga, da rigar matashi, da mayafin tebur ado a baki. Mun ga ya kamata mu yi bayaninta, domin sana'a ce da mace za ta iya yi da rani bayan an kai amfanin gona gida.

A ƙasashen Turai wannan saƙa ta bunƙasa tun farkon ƙarni na 19. A shekarar 1850 wata mata mai suna Eléonore Riego de la Branchardière ta buga littafin koyar da ita a Ingila. Jamusawa kuwa suna ce mata aikin ɗan jirgin ruwa, saboda siffar ƙoshiyar. Duk wanda ya taɓa ganin ƙoshiyar masaƙanmu da kwarkwaronta zai gane ta nan take, sai dai wannan ƙarama ce ƙwarai.

Iri biyu ne

Akwai mai ginshiƙi a tsakiya, wadda ake naɗa zare a jikinta, zaren yana ratsa tsakanin bakunanta biyu. Akwai kuma mai kwarkwaro, wanda ake cirewa a cika shi da zare a mayar, kamar na keken ɗinki. Yawancin na ƙarfe da ake sayarwa, irin na kamfanin Boye na Amurka, masu kwarkwaro ne, kuma suna da 'yar ƙugiya a baki ɗaya.

Ta ƙarfe ta fi ta roba ƙarko. Ba ta saurin karyewa, zafin rana kuma ba ya lanƙwasa ta. Amma ta fi nauyi, wata kuma tana yin tsatsa. In ƙungiya za ta saya wa matanta da yawa, kada a zuba kuɗi gaba ɗaya. A fara sayen guda ɗaya a gwada ta tukuna.

Gwaji huɗu

1. Mu shafa gefenta da yatsa, mu kuma goga zare a kai. In akwai kaifi ko ƙaiƙayi, za ta riƙa cin zare har ya tsinke a tsakiyar aiki.

2. Mu sa mata zare, mu riƙe bakin zaren, mu sake ta tana lilo. Ta kirki za ta tsaya cak. In ta sulale ƙasa tana warware zare, kwarkwaron ya yi sako-sako, ko kuwa bakunan sun buɗe.

3. Mu ja zaren da hannu. Ya kamata ya fito ba da kokawa ba. In sai an fizga, ta yi tsauri.

4. Mu duba ƙugiyar. In ta fi ƙarfin zarenmu, ba za ta shiga ƙananan ramuka ba. Mai koyo kuma za ta tarar ƙugiya tana kama zare. Wannan yakan wuce in hannu ya saba.

Zare

Zaren auduga mai santsi, mai murɗi sosai, irin na saƙar kwarashi, shi ne ya dace. Zare mai gashi-gashi ba ya zamewa cikin ƙulli. Yawan lambar zare, yawan sirantakarsa: lamba 10 ko 20 ta dace da mai koyo, lamba 80 kuwa sai gwanaye. Kada a cika kwarkwaro har zare ya zarce gefensa, don zai yi datti ya kuma cije.

Ƙullin da ya ɗauki aikin duka

Saƙar nan ƙulli ɗaya gare ta, mai rabi biyu. Ga yadda ake yi. A zagaya zare a yatsun hannun hagu ya zama da'ira, a danne mahaɗar da babban yatsa da manuni. Ƙoshiya tana hannun dama. A rabin farko, a ɗora zaren ƙoshiya a bayan yatsun dama, a wuce da ita ta ƙarƙashin zaren hagu, a komo ta sama. A rabi na biyu, a bi ta sama a komo ta ƙasa.

To, ga inda yawancin masu koyo suke faɗuwa. Bayan kowane rabi, sai a sassauta yatsun hagu, a ja zaren ƙoshiya ya miƙe sarai. Nan ƙullin zai juya ya koma kan zaren hagu, zaren ƙoshiya ya zauna a ciki kamar sanda. Don mu tabbata, mu ja zaren ƙoshiya. In ya zame cikin ƙulle-ƙullen, daidai ne. In ya cije, ƙullin bai juya ba, sai a kwance. Dabara mai kyau ita ce a koya da zare mai kauri launi biyu, ɗaya a ƙoshiya, ɗaya a hagu. In ana yi daidai, launin na hagu kaɗai za a gani a ƙullin.

Zobe na farko

A yi ƙulli 4, a bar ɗan tsakani kafin na gaba. In aka matso da shi, tsakanin zai tashi kamar ɗan kunne. A yi 4, kunne, 4, kunne, sa'an nan 4 na ƙarshe. A ƙidaya sau biyu kafin a ja zaren ƙoshiya a rufe zobe, gama zoben da ya rufu yana da wuyar buɗewa. Wajen haɗa sabon zobe da na baya, a sa ƙugiya cikin kunnen na baya, a jawo zaren hagu, a wuce da ƙoshiya ta cikin madaukin. In zare ya fara murɗewa, a saki ƙoshiya ta yi lilo har ya warware.

Adana ta

Gumin hannu da laimar damina su ne abokan gaban ƙarfe, tabon tsatsa kuwa da ƙyar yake fita daga farin zare. A wanke hannu kafin aiki, a goge ƙoshiya da busasshen ƙyalle bayan an gama, a ajiye ta cikin gwangwani mai murfi inda yara ba za su kai ba. Kada a buɗe bakunanta da wuƙa, don ƙarfe in ya lanƙwashe ba ya komawa da kansa.

Shawararmu ita ce, mace biyu ko uku su fara koya har ƙullinsu ya riƙa juyawa ba tare da tunani ba, sa'an nan su koya wa saura. Sannu ba ta hana zuwa.