Ko ka sani? Ƙaramin ƙudan da cakulan ke rataye a wuyansa

Uwargida mai gasa biskit ɗin cakulan, irin wanda ake haɗa biyu da kirim a tsakiya, tana auna fulawa da sukari da bota, sannan ta barbaɗa garin koko har kwaɓin ya yi baƙi. Garin nan kuwa, tun yana fure a gona, ƙuda ne ya yi masa aikin farko, wani ɗan mitsitsi da bai fi ƙwayar gero ba.

Masana suna kiransa Forcipomyia. Tsawonsa milimita 1 zuwa 3 ne kacal. Itacen koko, wanda asalinsa daga dajin Amazon yake, ba ya yin fure a ƙarshen reshe. Daga jikin kututture da manyan rassa yake fitar da shi. Furen ƙanƙane ne, kuma ya ɓoye garinsa cikin wasu 'yan aljihuna da ƙudan zuma ba ya iya kutsawa. Ɗan ƙudan nan shi ke shiga ya kwaso garin a gashin jikinsa ya kai wa wani furen. In bai zo ba cikin kwana ɗaya ko biyu, furen ya faɗi ke nan. Bishiya guda tana yin fure dubbai a shekara, amma 'ya'yan da ke nuna ba su cika wuce 20 zuwa 30 ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne fukafukin ɗan ƙudan nan. Wani masanin ƙwari ɗan ƙasar Finlan, Olavi Sotavalta, Allah ya hore masa kunnen kiɗa, har yana iya sauraren kukan ƙwaro ya gane saurin bugun fukafukinsa. A binciken da ya wallafa a 1953, ya samu wani daga cikin dangin Forcipomyia yana bugawa sau 1,046 a daƙiƙa ɗaya. A daƙiƙa fa, ba a minti ba! Ƙudan zuma, da duk ƙugin nan nasa, bai wuce sau 230 ba. Mutumin bai tsaya nan ba: ya rage wa ɗan ƙudan nan tsawon fukafuki, ya ɗumama shi, sai bugun ya haura 2,200. Kuma duk da wannan gaggawa, ƙudan ba gwanin tashi ba ne, ba ya yin nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi. Da sassafe da yammaci yake fitowa.

A cikin ruɓaɓɓen ganye da ɓawon koko da kututturen ayaba mai danshi yake hayayyafa. Saboda haka manomin da ya sare itatuwan inuwa, ya share gonarsa fes, ya yi ta feshin maganin ƙwari, ya kori ma'aikacinsa da hannunsa. A ganina babu tsabtar da ta kai wannan tsada.

A Gana, wadda ita da Kwaddibuwa ke noma kusan rabin kokon duniya ko ma fiye, hukumar koko ta ƙasar, COCOBOD, ta fara ɗaukar dubban matasa a 2017 don su yi aikin ƙudan da kansu. Mutum zai tsaya gindin bishiya da ɗan hantsaki, ya tsinko fure, ya goga garinsa a kan wani, fure bayan fure, tun hantsi bai ɗaga ba.