Tiyon Numfashin Inji: Inda Masu Sauya Inji Suke Tafka Asara

Da zarar kaka ta yi, motocin da ke kwasar gero da dawa da wake daga ƙauyukan Kunci ba su da hutu, yau Shuwaki, gobe Badume ta ƙasar Bichi, jibi Dawanau. Yawancinsu tsofaffi ne, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kowane mai mota lissafi yake yi. In inji ya gaji sai a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a sayo ɗan Kwatano, sau da yawa mai tobo, don a sami ƙarfin jan lodi. To, jama'a, ga wani ɗan tiyo da ba a kula da shi wajen ɗaurin, alhali yana iya cinye ribar shekara.

Kowane inji, komi sabuntarsa, akwai ɗan hayaƙin da kan sulale ta gefen ringi ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake. Dole a ba shi hanyar fita, ita ce makanikai ke kira birida. A da, tiyo ne kawai ake sakewa ƙasa. A farkon shekarun 1960 aka fara tilasta wa masu ƙera mota a Amurka su mai da hayaƙin cikin inji ya ƙone.

Matsalar ita ce injin da aka sayo yakan zo tsirara, an yanke tiyoyinsa. Wani bakanike sai ya toshe bakin da ƙusa, wai don kada mai ya ɗiga. Wannan shi ne mafi muni. Iska ta taru ba mafita, sai ta ture sandan awon mai, ta fasa sil na gaba da na baya, mota ta dinga zubar da mai duk inda ta tsaya. Har ila yau, man da ke sauka daga tobo zuwa kasko ba ya samun hanya, sai ya bi ta salansa, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe. Nan take a ce tobo ya mutu, a sayi wani, kuɗi sun tafi a banza, cutar tana nan.

Wani kuma ya saki tiyon yana reto a ƙasa. Ya fi toshewa dai, amma a hanyar burji irin tamu, ga ƙurar hunturu, bakin tiyo mai danshin mai tarkon ƙasa ne.

Inda ya dace a kai shi shi ne bututun da ke tsakanin matacin iska da bakin tobo, domin nan ne ake zuƙa kullum. Kada a kai shi bayan tobo, watau wajen da iska ke da matsi, don maimakon hayaƙi ya fita, tobo ne zai riƙa hura iska cikin kasko. A injin fetur akwai tiyo na biyu mai zuwa manifol, wannan sai da bawul mai buɗewa gefe guda, wanda zai rufe da direba ya taka totur. A hura shi da baki kafin a ɗaura. In iska ta wuce ta kowane ɓangare, a yar.

Amma fa hayaƙin nan yana tafe da tururin mai, shi ya sa ake sa gwangwanin tarar mai a tsakani. Mai walda yana iya haɗa shi: ƙofar shiga, ƙofar fita, da farantin tsakiya ko raga wadda man zai doka ya zauna ƙasa, da ƙusar tsiyayewa a gindi. Gwangwanin da ba komi a cikinsa ado ne kawai. A ɗaure shi a tsaye, nesa da zafin salansa, kaurin tiyon kada ya gaza na bakin birida, kada kuma ya lanƙwashe. A zubar da abin da ya taru duk ranar juyen mai; ba a mai da shi inji, don gauraye yake da ruwa.

Masu injin gas su suka fi bukatar wannan. Injin gas yana iya ƙona baƙin mansa in ya sami hanyar shiga da yawa, sai ya ɗauki gudu da kansa, a kashe makulli bai mutu ba. In haka ta faru, a sa babban giya, a danne birki, a saki kuloci, ko a toshe bakin shan iska da katako. Da katako muka ce, ba da tafin hannu ba.

Ga mai niyyar saye kuwa, shawararmu ita ce kada ya biya sai an tayar masa da injin ya yi zafi, sa'an nan ya kwance murfin zuba mai ya ɗora shi sake-sake a bakin. In yana ɗan rawa, ba laifi. In ya yi tsalle ya faɗi, hayaƙi na bulbulowa kamar tukunyar dambu, ringi ya tafi, kuma babu gwangwanin da zai gyara wannan. Sai dai a cire kuɗin ringi da na aiki daga farashin tun a wurin ciniki, ko a nuna wani injin.