Kunzite na Sailor Moon: Bos ɗin da Sunansa ke da Alaƙa da Batirin Wayarka

Yau za mu ɗan leƙa duniyar anime, amma kada mai karatu ya ɗauka mun bar maganar waya, domin a kan batir za mu ƙare.

Duk wanda ya kalli Sailor Moon ya san Kunzite, dogon nan mai farin gashi har kafaɗa, mai yafa alkyabba. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, sunan nan ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Sunan wani dutse ne mai daraja, kuma dutsen ɗan gida ɗaya ne da ma'adinin da ake ciro litiyam daga cikinsa.

Wane ne Kunzite?

Naoko Takeuchi ce ta ƙirƙiri Sailor Moon. Ya fara fitowa a matsayin labarin zane a mujallar Nakayoshi ta Japan, sannan kamfanin Toei Animation ya mayar da shi kartun a 1992. A kashin farko na labarin, abokan gaba su ne mutanen Dark Kingdom ƙarƙashin Sarauniya Beryl. Aikinsu shi ne tsotse kuzarin mutane domin su farfaɗo da uwar gijiyarsu Metalia. Beryl tana da manyan kwamandoji huɗu: Jadeite, Nephrite, Zoisite da Kunzite, wanda shi ne babbansu kuma na ƙarshe da jaruman suka fuskanta.

Dukkan sunayen nan na ma'adanai ne, har da na Beryl ɗin kanta. Ba abin mamaki ba ne, saboda Takeuchi ta karanci kimiyyar sinadarai da haɗa magunguna, kuma 'yar garin Kofu ce, garin da ya yi suna a Japan wajen sarrafa duwatsu masu daraja. A labarin zanen ma, kwamandojin nan rikiɗa suke yi su koma duwatsun sunayensu bayan an gama da su. Da aka fassara kartun ɗin zuwa Turanci a Amurka a 1995, an canza wa Kunzite suna zuwa Malachite, wanda shi ma sunan wani koren dutse ne mai ɗauke da tagulla.

Shi kuma dutsen fa?

Kunzite dutse ne garai-garai kamar gilashi, mai launin ruwan hoda, wani lokaci da sirkin shunayya. An gano shi a 1902 a yankin Pala na jihar Kalifoniya, aka raɗa masa sunan George Frederick Kunz, masanin duwatsu na kamfanin Tiffany. Yanzu ana haƙo shi a ƙasashe irin su Afganistan, Barazil da Madagaska.

Launinsa yana zuwa ne daga ɗan ƙaramin sinadarin manganis da ke cikinsa. Yana da halaye biyu da masu saye ke kiyayewa. Na farko, idan ya daɗe a rana launinsa yana koɗewa, shi ya sa ake ganin ya fi dacewa da kwalliyar dare. Na biyu, duk da taurinsa ya kai 6.5 zuwa 7 a ma'aunin Mohs, bugu ɗaya a wurin da bai dace ba na iya tsaga shi, don haka yana wahalar da masu yanka shi.

Ina batir ya shigo?

Kunzite wani nau'i ne na ma'adinin da ake kira spodumene, wanda ya ƙunshi litiyam, alminiyam, silikon da iskar oksijin. Wanda ya fito tas da kyan launi shi ake yankawa a sa a zobe. Mafi yawansa kuwa fari-fari ne ko ruwan toka, ba shi da wani kyan gani, to shi ne ake kai wa masana'anta. Mahaƙar Greenbushes da ke yammacin Ostireliya tana cikin mafiya girma a duniya wajen haƙo shi.

Ga yadda ake yi a taƙaice:

1. Ana niƙa dutsen a tace shi har a samu gari mai kusan kashi 6 cikin 100 na sinadarin litiyam haɗe da oksijin.
2. Ana gasa garin da zafin da ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos, domin ƙwayoyinsa su buɗe.
3. Ana cakuɗa shi da asid mai ƙarfi a sake ɗumama shi, sannan a wanke da ruwa, litiyam ya narke ya fito.
4. Ana tsarkake shi ya zama farin gari, a sayar wa masu ƙera batir.

A cikin batir, ƙwayoyin litiyam suna tafiya daga gefe ɗaya zuwa ɗaya idan ka sa caji, su dawo idan kana amfani da wayar. Kamfanin Sony ne ya fara fitar da irin wannan batir kasuwa a 1991, kuma mutum uku da suka share fagensa sun samu kyautar Nobel a 2019. Ba duk litiyam ne ke fitowa daga dutse ba. Ana samun wani daga ruwan gishiri a ƙasashen Chile da Ajantina.

Me ya shafe mu?

Ana samun spodumene a Najeriya, musamman a jihohin Nasarawa, Kaduna da Kwara, kuma a 2024 an buɗe masana'antar sarrafa litiyam a Nasarawa. Sai dai da yawan masu haƙar suna yi ne da diga da shebur, cikin ramuka marasa kariya, har an samu rahotannin yara a cikinsu. Su sayar da buhun dutse da araha, a fita da shi waje, ya dawo mana a matsayin waya ko fawa banki da tsada. Ribar tana wajen tacewa da ƙerawa, ba wajen haƙa ba, kuma nan ne ake buƙatar matasa masu ilimin sinadarai da injiniyanci.

Akwai kuma abin da za ka iya yi tun yau. Batirin litiyam ba ya son zafi. Kada ka bar wayarka a rana ko cikin mota a rufe, kada ka sa ta caji ƙarƙashin filo, kuma ka rage buga gem mai nauyi tana kan caji. Idan batir ya kumbura, daina amfani da shi nan take, kada ka huda shi, kada kuma ka jefa shi cikin bolar da ake cinna wa wuta, domin yana iya kamawa ko ya fashe.

A rubutu na gaba za mu duba Sarauniya Beryl da ƙarfen da ake ciro wa daga dutsen sunanta, wanda aka yi madubin na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb da shi. Sai mun haɗu.